Hutun Biyan Bashin Gida a Ƙasar Ingila

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasar Ingila kuwa babu bashin da ya kai na gida nauyi, gama mutum kaɗan ne ke iya sayen gida kuɗi hannu. Al'adarsu ita ce mai saye ya kawo wani kashi daga aljihunsa, banki ya cika masa sauran, gidan ya zama jingina a hannun banki har ran da aka gama biya. Galibi shekara 25 ake yankawa, ana biya wata-wata, uwar kuɗi da ruwanta. Wannan al'ada ta daɗe, domin tun a shekarar 1775 aka kafa ƙungiyar taimakon gina gidaje ta farko a birnin Birmingham.

Wanda Allah ya hore wa yakan ɗora wani abu bisa abin da aka yanka masa, domin uwar kuɗin ta ragu da wuri, ruwan kuma ya yi sauƙi. Bankuna da yawa sun yarda mutum ya ƙara har kashi 10 cikin 100 na bashin a shekara ba tare da tara ba. Waɗansunsu kuwa sukan lissafa wannan ƙari a matsayin ajiya, kamar hatsin da manomi ya zuba a rumbu da kaka. In wata rana aiki ya tsaya, ko aka yi haihuwa, ko ciwo ya kama maigida, sai ya nemi a bar shi ya huta da biya na 'yan watanni, a ɗebe daga rumbun nan.

Ga misali. A ce mutum na biyan fam 800 kowane wata, ya riƙa ƙara fam 200 har shekara 2. Ya tara fam 4,800 ke nan, watau biyan wata 6. Amma fa ruwa ba ya hutu. In sauran bashinsa fam 120,000 ne, ruwan kuma kashi 5 cikin 100 a shekara, to, kowane wata kimanin fam 500 na hawa kansa. Cikin wata 6 an sami wajen fam 3,000 an ɗora bisa uwar kuɗi. Ribar da ya ci ta gaggauta biya ta zube ke nan, ya koma kusa da inda zai kasance da bai taɓa ƙara ko kwabo ba.

Abin da ya fi wannan tayar wa mutane hankali shi ne sunansu. A can akwai manyan kamfanoni uku, Experian da Equifax da TransUnion, waɗanda aikinsu shi ne rubuta halin kowane mai cin bashi. Kowane wata bankuna kan aika musu da labarin wanda ya biya da wanda ya saɓa. In aka rubuta wa mutum saɓa alkawari, tabon yakan zauna a littafinsa shekara 6. Cikin waɗannan shekaru, in ya nemi rancen mota ko sabon bashin gida, ko dai a hana shi, ko a tsawwala masa ruwa.

To, a nan ne hukunci ya rabu biyu. Wanda ya sami yardar banki tun kafin ranar biya, kuma sharuɗɗan bashinsa sun ba shi ikon cin ajiyarsa, galibi ba a rubuta masa kome, domin yana gaba da lissafi. Amma wanda ya tsai da biya da ra'ayin kansa, yana ganin ai ya riga ya ba da fiye da kima, banki na iya lissafa shi cikin masu saɓawa. Dalili kuwa, ba kowane banki ke mayar da ƙari ajiya ba. A waɗansu, abin da ya shiga ya shiga, sai dai ya rage shekarun biya. Har wa yau akwai hutun da akan ba wanda ya shiga matsi ba shi da ajiya. Wannan kam akan sa masa alama a littafi, masu ba da rance su gani.

A watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe kasuwanni, hukumar da ke lura da bankunan ƙasar ta umarta a ba masu bukata hutun wata 3, daga baya aka kai shi wata 6, aka kuma ce kada a ɓata wa kowa suna. Kafin tsakiyar shekarar an ba da hutu kusan miliyan 2. Wannan rangwame ya ƙare a watan Yuli na 2021. Duk da haka an ja kunnen jama'a tun a lokacin, cewa sabon mai ba da rance yana iya duba takardun ajiyar mutum, ya ga watannin da ba a biya ba, ya yi tambaya.

Saboda haka masu hankali cikinsu, kafin su huta, sukan tambayi banki ko ƙarin nasu ajiya ne, da abin da za a aika wa kamfanonin nan uku, da nawa biyan wata zai koma bayan hutu. Sukan nemi amsa a rubuce, su adana ta. In hutu ya ƙare kuma su nemi ganin littafinsu, gama doka ta ba kowa ikon ganinsa kyauta, in an yi kuskure a gyara tun tabo bai zauna ba.