Gargaɗi ga Masu Fama da Ciwon Jijiya: A Yi Hattara da Ƙwayoyin da Ake Tallatawa

Jama'a, ana ta tallar wasu ƙwayoyi da gari a kemis da kuma ta waya, wai na tsirrai ne zalla, suna kwantar da kumburin jijiya, suna kashe raɗaɗi. Kafin mutum ya kai su baki, ya tsaya ya ji wannan.

Maganar masu tallar tana da tushe. A jikin ɗan Adam akwai ƙwayoyin garkuwa da likitoci ke kira mast, suna zaune dab da jijiyoyi. Idan an tunzura su sai su fesar da histamin da wasu sinadarai, wurin ya kumbura, jijiya ta ɗauki zafi. Tun 1993 wata masaniya 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, da abokan aikinta suka nuna cewa sinadarin PEA, wanda jiki ke yi da kansa, ana kuma samunsa a ƙwanduwar ƙwai da gyaɗa, yana lafar da ƙwayoyin mast ɗin. Haka ma kwasetin na cikin albasa da kurkumin na cikin kurkum. Sai dai galibin gwajin da aka yi wa waɗannan biyun a ɗakin bincike ne da jikin dabbobi. Wannan bai isa a ce sun warkar da mutum ba.

Ga inda haɗarin yake. Kurkum ɗin da ake barbaɗawa a miya daban, wanda aka tace aka ɗura a kafso daban, musamman idan an haɗa shi da sinadarin masoro don jiki ya zuƙe shi da yawa. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun janye wasu irin waɗannan ƙwayoyi daga kasuwa bayan mutane sun kamu da kumburin hanta, kuma a 2023 hukumar magunguna ta Ostireliya ta fitar da gargaɗi kan wannan haɗari. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, yana iya fuskantar zubar jini idan ya haɗa da kurkum. Wasu gaurayen "maganin jijiya" kuma suna ɗauke da bitamin B6 mai yawa, wanda shi kansa yana lalata jijiya idan aka daɗe ana sha.

Babbar asara ita ce ɓata lokaci. Tafin ƙafar da ke zafi da dare kamar an shafa barkono, ko yatsun da suka mutu har takalmi ya zame mutum bai ji ba, alama ce ta wata cuta da ke ɓoye: ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, kuturta, ko illar isoniyazid, maganin tarin fuka. Mai ciwon suga da ya shafe watanni yana haɗiyar kafso, wata rana ƙusa za ta soke shi bai sani ba, gyambo ya kafu, a kai ga yanke ƙafa.

Don haka:

A je asibiti a auna suga, a gano musabbabin ciwon tukuna.

Kada a daina maganin da likita ya rubuta.

A kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna kwalbar ya duba, a kuma tabbatar da lambar hukumar NAFDAC a jikinta.

Masu juna biyu, masu shayarwa, masu ciwon hanta ko ƙoda, da waɗanda za a yi wa tiyata, su nisanci waɗannan ƙwayoyi sai da izinin likita.

Duk wanda ya ga idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, ko yana fama da tashin zuciya da kasala, ya daina sha nan take, ya garzaya asibiti da kwalbar a hannu.

A isar da wannan saƙo ga iyaye da dattawa, domin su ciwon ya fi damu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.