Kura ce ko mutum? Makasan da suka fake da labaran dare

A Adar, daga Tawa har duwatsun Keita da Buza, akwai zancen da tsofaffi ke rage murya in za su yi shi: wai wasu mutane na rikiɗa su zama kura idan dare ya raba. Masu faɗa sukan ce a bi sawunta da safe daga bakin garke, za a ga ya ɓace, sawun ɗan Adam ya ɗora har ƙofar wani gida. Ga kuma maita: yaro na sambatun zazzaɓi, ya ambaci sunan wata tsohuwa, sai a ce ta kama kurwarsa, a jawo ta, a tilasta mata ta tsallaka shi. Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba, kuma a ƙasashe da dama makasa na gaske sun samu wurin fakewa a ciki.

A yankin Galisiya na ƙasar Sifaniya an yi wani ɗan koli, Manuel Blanco Romasanta. Yakan ce wa mata matalauta ya samo masu aikatau a wani gari mai nisa, ya yi masu rakiya da ƴaƴansu ta cikin daji, ya dawo shi kaɗai. Daga baya sai ya kawo wa dangi wasiƙun ƙarya, wai suna lafiya, aiki ya karɓe su. Duk Ba'adaren da ya taɓa jiran labarin ɗan'uwa daga cin rani a Abijan ya san yadda irin wannan wasiƙa ke sanyaya zuciya. Asirinsa ya tonu ne da aka ga yana sayar da tufafin matan. A shari'ar da aka yanke a 1853 ya amsa kashe mutum 13, amma ya ce tsinuwa ce ke mayar da shi kyarkeci. Aka ce to ya rikiɗa a gaban kotu, ya ce ai wa'adin tsinuwar ya cika.

Elifasi Msomi na Afirka ta Kudu ya kashe mutum 15 a yankin Natal tsakanin 1953 da 1955, da yawa da gatari. Shi wani aljani na Zulu, tokoloshe, ya ɗora wa laifin. Ya taɓa kuɓuce wa ƴan sanda bayan sun kama shi, abin da ya ƙara wa jama'a imani cewa aljanin na tare da shi. Ranar da aka rataye shi a Pretoria a 1956, sai da aka bar wasu sarakunan Zulu suka shaida da idonsu, don su koma su tabbatar wa mutanensu cewa ya mutu.

Wani boka a Indunusiya, Ahmad Suradji, mata 42 ya kashe ya binne a gonar rake kusa da birnin Medan, kafin a kama shi a 1997. Ya daɗe yana ɓarna saboda matan a ɓoye suke zuwa wurinsa neman farin jini ko mallakar miji, ba su faɗa wa kowa inda za su. Wannan kam ya kamata ya tsaya wa kowa a rai a garuruwanmu.

Kusa da mu, a kudu maso gabashin Nijeriya, tsakanin 1945 da 1948 an riƙa tsintar gawarwaki a hanyoyin gona a yankin Abak da Opobo, da raunuka kamar na faratan damisa. Mutuwar da aka bincika ta kusa 200, Turawan mulki suka rataye mutum 77. Da aka bi diddigin shari'o'in, sai ga rigimar sadaki, bashi da gona a ƙarƙashin da yawa daga cikinsu. Har yau masana tarihi na jayayya kan ko wasu daga cikin mamatan damisa ce ta gaske ta kashe su, wato mai yiwuwa an rataye marasa laifi.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Émile Fourquet, alƙalin bincike a Belley, wani ƙaramin gari a gabashin Faransa. Muƙami ne da muka gada, akwai irinsa a kotun Tawa. A 1897 ya tarar da tsohon kundin wani yaro makiyayi, Victor Portalier, ɗan shekara 16, da aka yi wa yankan rago a wajen kiwo a 1895. Kisa irin wannan ya faru a jihohi da dama, amma kowane ƙauye maƙwabcinsa yake zargi, kowace kotu kuma ba ta san abin da ke hannun ƴar'uwarta ba.

Fourquet ya zauna ya zana jadawali: ranar kisa, wurin, shekarun mamaci, irin raunin, da kamannin duk baƙon da aka gani ya ratsa. Sai siffa ɗaya ta riƙa maimaituwa, wani mai yawon bara da ƙafa, mai karkataccen baki da tabo a fuska. Ya aika wannan siffa ga alƙalan bincike a faɗin ƙasar. A watan Agusta na 1897, a yankin Ardèche, wani mutum ya auka wa wata mata a daji, ta yi kururuwa, mijinta da maƙwabta suka danne shi. Alƙalin wurin ya tuna da takardar Belley.

Sunan mutumin da aka danne Joseph Vacher, tsohon soja da aka sallamo daga asibitin masu taɓin hankali a 1894. Fourquet ya bi shi da lalama, ya kawo shaidu suka gane shi, har ya amsa kashe mutum 11, da yawansu yara makiyaya. Shi ma yana da nasa labarin: wai mahaukacin kare ya cije shi yana yaro, jininsa ya gurɓace. Likitoci ƙarƙashin Alexandre Lacassagne na birnin Lyon suka duba yadda yake zaɓen wurin da babu kowa, yake ɓoye gawa, yake canza tufafi ya yi nisa kafin gari ya waye, suka ce mai yin haka ya san abin da yake yi. An sare kansa a Bourg-en-Bresse ranar 31 ga Disamba 1898. Abin takaici, a wasu ƙauyukan da aka riga aka ɗora wa maƙwabci laifin, har aka tsare shi aka sake, mutane sun ci gaba da tsangwamarsa ko bayan Vacher ya amsa da bakinsa.