Pâques da Idin Ƙetarewa: suna ɗaya, idi biyu

A nan za mu duba sunan babban idin Katolika, wanda ake kira Pâques da Faransanci. Asalin kalmar Ibrananci ne, pesah, ta biyo ta Girkanci da Latin. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fassara ta da Idin Ƙetarewa, tunawar Yahudawa da fita daga Masar. Ga Katolika kuwa, ƙetarewar ita ce tashin Yesu daga matattu, tushen bangaskiyarsu. Idin yakan faɗo ranar Lahadi, tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, bayan azumin kwana 40. Faransanci yana bambanta la Pâque ta Yahudawa da Pâques ta Kirista. Don haka muna ganin ya kamata mai fassara ya kira na biyun Idin Tashin Almasihu, kada idojin su cakuɗe.