Daga kaboyin Yamai zuwa aljanin Kano

Jama'ar fadar Kalley, a ɗora shayi na biyu, yau hirar dabarun ƴan fim za mu yi.

Idonka ne ke haɗa motsi. Hotuna 24 tsayayyu ake tura maka cikin daƙiƙa ɗaya, kai kuma ka rantse dokin nan sukuwa yake yi. Ido ma yana cin bashi.

A 1966 aka yi fim ɗin kaboyi a nan Nijar, Le Retour d'un aventurier. Saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna masu faɗi da takalma da bindigogi, ya raba wa abokai, kowa ya ɗauki sabon suna, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Tsarabar da ta fi ƙarfin mai gari ke nan.

Abin da ya sa fim ɗin ya zauna daram shi ne mai shirya shi ya san ƙa'idar kaboyi ciki da bai: hoto daga nesa ana ganin fili da ƙura, sai a matso kan idanu, sai a sauko kan hannun da ke shafar bindiga. Sai ya jera wannan duka a gaban rumbunan hatsi da dattawa masu rawani, dariya da tsoro suka zo tare. Wannan aiki sai gwani.

Mai fim ɗin nan dai, a 1966 ɗin dai, ya fitar da Bon voyage Sim, zane mai motsi na minti 5, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki da faretin soja da komai. Minti 5 hoto 7,200 ne, ko da kowane zane an ɗauke shi sau biyu, sai hannu ya zana 3,600. A jinjina wa yatsu.

Kwaɗin ba su yi ritaya ba. A fim ɗinsa Kokoa ƴan tsana ne, an saka su a filin kokawa da makaɗa da alƙalin wasa, ana gusa ƙafa kaɗan a ɗauki hoto, a sake gusawa a sake ɗauka. Kaye ɗaya, aikin yini.

Kyamarar da aka fi yawo da ita a da wani ake mata kamar agogon bango, kuma wani ɗaya bai cika rabin minti ba. Shi ya sa tsoffin fina-finan suke da gajerun yanka, ɗan wasa ba shi da lokacin jan magana. Yi ka ba wani wuri.

Faifan fim mai tsawon mita 30 kuwa bai kai minti 3 ba, sannan sai an aika shi Faransa a wanke kafin a ga abin da aka ɗauka. Idan ɗan wasa ya kalli kyamara yana murmushi, sai bayan makonni asirinsa ya tonu.

Wani Bafaranshe da ya bi kogin Kwara a kwale-kwale wajen 1947 ya rasa ƙafafun kyamararsa, dole ya riƙa ɗauka da hannu. Girgizar da a da ake kira kuskure, yau makarantu ke koyar da ita. Kogi ya yi malanta.

Ita wannan kyamara ba ta ɗaukar murya. A fim ɗin Moi, un noir na 1958, wanda aka ɗauka a Abijan da ƴan ci-ranin Nijar, sai da aka gama aka zaunar da jarumin yana kallon kansa yana zuba zance yadda ya zo masa. Bakin daban, maganar daban, amma tana ratsa zuciya.

Jarumin nan ya dawo gida ya shirya Cabascabo, labarin tsohon sojan yaƙin Indocin da kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse, ana yi ana komawa baya a ga fagen daga. Fim ɗinsa na gaba, Le Wazzou polygame, shi ya ɗauko babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972. Daga gaban kyamara zuwa bayanta, ba gargada.

A fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet na 1974 babu rubutaccen labari, ƴan wasa uku da wata tsohuwar ƙaramar mota suka fita sayen kaji. Da aka zo tsallake kogi sai aka kwance ta gunduwa-gunduwa. Bakanike ma jarumi ne.

Naushin fim ɗin Canis sau da yawa ba ya taɓa kunci. Kyamara tana bayan wanda za a nausa, shi ya jefa kai baya a kan lokaci, ƙarar kuma daga baya ake ɗora ta. Bos ya sha kashi, ko ƙwarzane babu.

Kofaton doki ma sau da yawa ɓawon kwakwa ne ake bugawa a kan yashi cikin ɗaki. Dokin yana can yana cin harawa.

Idan ka ga dare a tsohon fim amma kowa da inuwarsa baƙa ƙirin a ƙasa, da rana tsaka aka ɗauka, aka rufe idon kyamara da gilashi mai duhu. Inuwa ba ta iya rufa asiri.

Aljanin fim ɗin Kano da ke ɓacewa ɓat, dabararsa ta girmi kakanninmu, tun kafin 1900 ake yin ta a Faransa: a tsayar da kyamara, ɗan wasa ya fice, a ci gaba. Ku dai lura da ganyen bishiyar da ke bayansa, shi ke yin tsalle.