Masara Mai Funfuna Ba Ta Tuwo Ba Ce

Wanda ya bi hanyar Karaye zuwa Rogo da kaka ya san masara ta kama gari a ƙasarmu. To, yau maganarmu a kan 'yan ƙwayoyin nan ce da su ke yin fari-fari ko ja-ja da funfuna, mu kuwa mu ce, "Ƙyale su, wuta ta kashe." Wannan dai wuta ba ta kashe shi.

A jikin mutum da na dabba akwai wani irin maiƙo, ba kitsen da ke sa ƙiba ba. Shi ne ya lulluɓe jijiyoyi, kamar yadda roba ta lulluɓe wayar lantarki. Wani likita Bajamushe, Thudichum, ya same shi cikin ƙwaƙwalwa, ya bayyana shi a 1884. Abin ya ɗaure masa kai, har ya raɗa wa tubalin maiƙon suna sifingosin, watau sunan wani dodon almara mai yi wa mutane kacici-kacici.

A 1988 masana a Afirka ta Kudu suka gano dafin da funfunar masara ke yi, ana ce da shi fumonisin. Ga mugun abu: kamarsa ɗaya da tubalin nan. Sai ya shiga ya tare wurin, ginin maiƙo ya tsaya. Doki ko jaki in ya yawaita cin irin masarar, ƙwaƙwalwarsa takan yi laushi, ya yi ta tangaɗi har ya mutu.

Mu mata abin ya fi shafa. Lakar bayan jinjiri tana rufewa ne cikin watan farko, tun uwar ba ta tabbata tana da ciki ba. A Teksas ta Amurka, a 1990 da 1991, an haifi jarirai fiye da yadda aka saba da nakasar kai ko ta baya, likitoci suka zargi masarar da iyayen suka ci.

Saboda haka a baza masara a faifai a tsince ruɓaɓɓu da waɗanda tsutsa ta huda, gama ta nan funfuna ke shiga tun a gona. 'Yan makaranta, idonku ya fi na Iya, ku taya ta. A surfa, a bakace, a wanke, a zubar da ruwan, don dafin ya fi taruwa a dusa kuma yana bin ruwa. Dusar irin wannan masara kada a ba dokin maigida. Amarya kuma ta tambayi ƙwayar folik a asibiti tun kafin ta fara zuwa awo.