Abin da Duwatsun Kaburburan Roma Suke Faɗa

Dokar Romawa ta hana binne mutum a cikin birni, saboda haka suka jera kaburburansu a bakin hanyoyi. Daga 1940 zuwa 1949 aka tono irin wannan makabarta a ƙarƙashin majami'ar Bitrus ta Batikan. A kan duwatsun, masu bautar gumaka sukan fara da haruffa D M, wato ga ruhohin matattu, sa'an nan sunan mamaci da shekarunsa, wani lokaci har da watanni da kwanaki. Amma Kiristocin Roma sukan rubuta "cikin salama". Makabartarsu kuwa sun kira ta wurin barci, gama mai barci yakan farka. Ɗan'uwa, kai fa, wane bege za a rubuta a kan naka dutsen?