Ɗaurewar jijiyar ƙafa: a yi hattara da kwinin

Mutum yana tsakiyar barci sai tsokar sha-raɓa ko tafin ƙafa ta ɗaure tamau kamar dutse. Ba ta cika wuce 'yan mintoci ba, shi ya sa babu ƙwayar da ke kwance ta nan take, domin kafin maganin ya narke a ciki ta riga ta saki. Abin da ke aiki a lokacin shi ne a miƙe ƙafar, a janyo yatsu zuwa wajen gwiwa, a murza wurin. Farasitamol na tsamin da ke biyo baya ne kawai.

Inda haɗarin yake shi ne kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro. Yana ɗan rage yawan ɗaurewar, amma kuɗinsa da tsada a jiki. Yana iya karya ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare har mutum ya yi ta zubar jini, yana rikita bugun zuciya, yana kawo ƙara a kunne, yana kuma sauke sukarin jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da shi a kanti domin wannan lalura tun 1994, ta sake yin gargaɗi a 2010. A Birtaniya ma likita ba ya rubuta shi sai ɗaurewar ta addabi barci, kuma in an yi mako 4 ba sauƙi a dakatar. To ina ga wanda yaron kemis ya ƙulla masa a leda?

Maganiziyam da ake ta tallatawa, bincike bai nuna yana taimakon dattawa ba. Su diklofenak da ibuprofen kuwa, shansu kullum yana cin ciki da ƙoda.

Sau da yawa wani maganin ne ma sanadin ɗaurewar, musamman masu sa fitsari irin furosemide da ake ba masu hawan jini ko ciwon zuciya, da na rage kitsen jini. Kada a daina sha da ka, a koma wa likita ya duba. In bayan gudawa ne ko zufa mai yawa, ruwan gishiri da sukari ake buƙata. Mai juna biyu ta faɗa a wurin awo. Ƙafa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi kuwa, a nufi asibiti ranar, domin tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya.